Tsohuwar Kwalejin Katsina: makaranta ta yi ƙaura, gini ya zauna

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na ɗauki babban yarona, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, muka je tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu ta zama gidan tarihi. Bari in tona wa kaina asiri: a garin nan aka yanke mini cibiya, shekarata arba'in da ɗoriya, na bi ta gaban wurin a kan babur ba adadi, amma ban taɓa sa ƙafa ciki ba sai ranar. Shi ma don an ba yaron aikin hutu ne, ya ishe ni da naci.

Da rana tsaka muka isa, ga zafin bazara, rigata ta manne mini a baya. Muna shiga ɗakin farko sai yaron ya ɗaga kai yana dube-dube a sama. Na ce me kake nema? Ya ce yana neman inda sanyin yake fitowa ne. Na kama hannunsa na ɗora a jikin bango, ya ji shi kamar randa. Ya je bakin taga ya shimfiɗa hannu yana auna kaurin ginin, yana ta mamaki.

Da muka fito sai ya jefo mini tambayar da ta sa na zo nan. Ya ce, “Baba, in makaranta ce, ina ɗaliban suka tafi?” Na yi ta kame-kame, na ce sun koma Zariya. Ya ce me ya sa? Na ce mu je ka sha lemo. To manya, ku fitar da ni kunya. Yaushe aka gina ta, me ya tashe ta daga Katsina?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Amsar ai gajera ce: yarinya ta girma, aka kai ta ɗakin mijinta. Tana nan Zariya kan titin Gaskiya lafiya lau, sunanta Barewa. Ku riƙe tsohon zanen, mu muna da amarya.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na san ba za ka bari ta wuce ba. Amarya dai ko ta shekara ɗari a gidan miji, in an tambayi asalinta gidan uba ake nunawa.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ka yi abin kirki da ka kai yaron. Bari in ba ka abin da na riƙe, sauran 'yan'uwa su cika.

An fara karatu a wurin a 1921, amma bikin buɗewa sai a watan Maris na 1922, Gwamna Hugh Clifford ne ya zo da kansa. Shi ya sa za ka ji wani ya ce 1921, wani ya ce 1922, kowa da gaskiyarsa. Sarki Muhammadu Dikko ne a kan gado lokacin, ya hau a 1906 ya rasu a 1944, ka ga ke nan duk zaman da makarantar ta yi a Katsina a zamaninsa ta yi shi.

Abin da mutane suke mantawa shi ne ba sakandare ba ce irin wadda muka sani yau. Makarantar horon malamai ce. Turawa sun buɗe ƙananan makarantu a larduna tun bayan da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fara tasa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai suka rasa masu koyarwa. Ba sa son ɗauko malamai daga Kudu ko daga hannun 'yan mishan, don alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba, da kuma tsoron kansu na kada a kawo musu 'yan boko masu baki irin na Ikko. Sai suka ce bari mu dafa namu a gida. Kowane lardi ya tsamo yaransa masu kai, a turo su Katsina su yi shekara biyar, su koma garinsu su kama alli.

Dalilin zaɓar Katsina kuwa, Clifford ya faɗe shi a jawabinsa. Na ɗaya, gari ne da aka sani da ilimi da malamai tun da can, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Na biyu, ba ta kan layin dogo, ba ta cikin hayaniyar kasuwanci irin ta Kano, yaro zai zauna ya yi karatu ba abin da zai ɗauke masa hankali.

To ka riƙe wannan dalili na biyu da kyau, don shi ne ya juyo ya zama sanadin tashinta. A 1929 aka ɗaga darajarta, aka fara shigo da darussan kimiyya da shirya yara don ayyukan da ba koyarwa ba. Daga nan nisan da aka yaba ya zama aibi. Kayan aiki sai an sauke a Kano a yi ta fama da hanya, manyan ofisoshi suna Kaduna, kuma ɗakunan ƙasa ba a yi su don ɗakin gwaje-gwaje ba. A 1938 aka kwashe ta zuwa Kaduna. A 1949 ta koma Zariya. Sunan Barewa sai a 1971 ta same shi. Ginin Katsina kuma gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959, tun kafin a sauke tutar Ingila.

Ka gaya wa jikana haka. Lemon kuma ka ƙara masa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Allah ya ƙara girma Baba. Wato shekara goma sha bakwai kacal ta yi a nan? Ni na ɗauka ta kai hamsin, yadda ake ji da ita.

Mai Shagon Waya:
Sha bakwai ɗin ma ai ta yi aiki. A ɗakunan nan Sardauna ya zauna, da Tafawa Ɓalewa, da Shagari, da Gowon, da Murtala. Wace makaranta ce a Najeriya za ta ja da wannan?

Tsohon Hedimasta:
A'a ɗana, ka haɗa gero da dawa. Shagari a Kaduna ya yi nasa, a farkon shekarun 1940. Gowon da Murtala 'yan Zariya ne, ba su taɓa zama aji a ginin Katsina ba. Makaranta ɗaya ce, amma gida uku. Waɗanda suka zauna a wannan gini su ne irin su Ahmadu Bello, da ya shiga a 1926 ya fita a 1931, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, 1928 zuwa 1933, da Abubakar Imam da ke gabansa da shekara guda, da Kashim Ibrahim daga Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita. Kowane ɗalibi da lambarsa tun daga na farko, kuma lambar ba ta yanke ba har yau a Barewa. Sardauna shi ne na 87, Ɓalewa na 145.

Mai Shagon Waya:
Na karɓi gyara Baba. Amma tsaya, na 87 a 1926? Shekara biyar ana ɗiba ba a kai mutum ɗari ba?

Tsohon Hedimasta:
Ka gano bakin zaren da kanka.

Ɗan Talaka:
Yauwa, nan nake jira a zo. Ku yi haƙuri, ni ba na cikin masu shafa bango suna hawaye. Ku dubi lambobin da Baba ya kawo. Daga Sardauna zuwa Ɓalewa shekara biyu, mutum hamsin da takwas. Duk faɗin Arewa, daga Sakkwato zuwa Yola, daga Barno zuwa Ilori, abin da aka ɗiba ke nan. Wannan ba ƙofa ba ce, kafar allura ce. A Ikko 'yan mishan sun buɗe sakandare tun 1859, gwamnati ta buɗe King's College a 1909. Mu sai da aka shekara sittin da wani abu a bayansu aka ba mu guda ɗaya tilo, ita ma aka ce ta malamai ce, kada wani ya yi mafarkin zama lauya ko likita.

Kuma su wa aka ɗiba? Clifford bai ɓoye ba, 'ya'yan Musulmi masu asali yake nufi. An gina wurin ne don a samar wa En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ma'aikata masu ladabi, masu jin Turanci, waɗanda za su durƙusa wa sarki su cire wa Razdan takalmi. Ratar da muke kuka da ita yau tsakaninmu da Kudu, a irin wannan ɗaki aka auna ta aka yanka. Ni in na shiga wurin ba sanyi zan ji ba, takaici zan ji.

Banufen Bida:
Ɗan Talaka, ka sassauta. Katsinawa bayina ne, ni kaɗai ke da izinin zaginsu. Kuma a rubuta a ajiye: sai da muka aiko musu da Makama ya zauna a garinsu kafin su san yadda ake lissafin kuɗi. Shi ya riƙe baitulmalin Arewa gaba ɗaya.

Ɗan Ƙofar Soro:
Ji bawa da bakin magana. Mu muka koya masa karatun, ya koma ya ƙirga muku kifi.

Tsohon Hedimasta:
Ɗan Talaka, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan yi maka gardama a kan yawan ɗalibai ba. Kaɗan ne, kuma da gangan aka yi su kaɗan. Amma batun 'ya'yan sarauta zalla, a nan na rabu da kai. Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa ma'aikacin hakimi ne. Imam ɗan malamai ne daga Kagara. Kuma ka sani a wancan zamani sau da yawa in an ce hakimi ya kawo ɗansa makaranta, ɗan baransa yake turawa, don ana ganin boko hanyar lalacewa ce. Da yawa cikin waɗanda suka yi fice ta wannan ɓarauniyar hanya suka shigo.

Sannan abin da Bature ya shuka daban, abin da ya tsiro daban. A 1950 wane ne ya miƙe a majalisa a Kaduna ya ce tsarin En'e yana bukatar gyara, a gaban Turawa? Ɗalibi mai lamba 145 ne. Turancin da aka koya masa don ya yi ladabi, da shi ya yi musu magana har suka rasa ta cewa. Wanda ya wasa wuƙa ba shi ke zaɓa mata abin da za ta yanka ba.

Ɗan Talaka:
Baba, da girmanka, gyaran En'e ya nema, ba rushe ta ba. Waɗanda suka ce a rushe ai an san su, kuma an san gidajen yarin da suka kwana. Amma na yarda ba duka 'ya'yan gata ba ne.

Uwar 'Yan Biyu:
Ina ta karatu ina jira in ga ko wani zai lura, shiru. Kun lissafo mutum ɗari da arba'in da biyar, har kuna faɗa a kan ɗan wane da ɗan wane. Mace nawa ce a ciki? Ko ɗaya. Sai a 1930 aka buɗe wa 'yan mata ɗan wuri a Katsina da Kano, shi ma a inuwar gidan sarki, yawanci ɗinki da tsabta da renon yara. Kakata ta wajen uwa ta ce in an ji masu rubuta sunan yara sun shigo unguwa, a rumbu ake ɓoye su, a rufe da murfi, su yi tsit har a wuce. Tana ba mu labarin tana dariya, amma ta rasu ba ta iya karanta lambar gidanta ba. Ni ba na cewa a rushe gini. Cewa nake in an kai yara, a kai har da matan, kuma a gaya musu cewa ranar da aka buɗe wurin nan da sun zo da an mayar da su daga bakin ƙofa.

Ɗan Ƙofar Soro:
Hajiya kin kama ni. Ƙanwarsa ta ce za ta bi mu, na ce ta zauna ta taya mamanta aiki. Ban ma ga abin ba sai yanzu.

Uwar 'Yan Biyu:
To ka gani. Shekara ɗari ta wuce, rumbun ne kawai aka sauya wa fasali.

Ɗan Magina:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, yarona ne ya sa ni a zauren nan. Amma an taɓo sana'ar gidanmu, ba zan iya shiru ba. Duk kuna maganar waɗanda suka zauna a ɗakin, ba wanda ya tambayi waɗanda suka ɗaga shi. Bature dai bai kwaɓa ƙasa ba. Magina ne na gari suka yi aikin, da hannu da ƙafa.

Alhaji da ya ce yaronsa ya ji bango kamar randa, ai gaskiya yaron ya faɗa, aikinsu ɗaya. Bango mai kauri yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi. Da dare kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ɗakin ƙasa yake da ɗumi lokacin hunturu. Bulo na siminti da kwano kuwa, ƙarfe goma na safe sun riga sun miƙa maka wutar.

Yadda muka gada, ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. A haƙo mai kyau, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima, a dawo a sake takawa. Sannan a mulmula tubali da hannu, ƙasansa da faɗi samansa da tsini, a shanya ya bushe ƙarau. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, yaro na ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya-ɗaya yana cafewa. Ni da jifa na fara, ina ɗan shekara tara, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ya fashe sai na sha ranƙwashi. Rufi kuma da azara, itacen giginya da aka tsaga, don gara ba ta cinta. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, shi ya sa ake ɗaure bakan gizo, a riƙa fito da ita daki-daki daga bango biyu har su haɗu a tsakiya.

Amma ga inda maganar take. Ginin ƙasa kamar doki ne, kullum yana son hannu. Kafin damina a hau sama a duba indararo, a toshe duk tsaga, a sake yaɓe. Ana jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, a haɗa da ƙasa don ruwa ya zame. Masu hali su yi laso, da katsi na marina da gashin majema da dafara. In ana haka, gini zai binne jikokin wanda ya gina shi. In aka yi damina uku ba a hau ba, indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, to sai dai a yi salati. Duk ginin ƙasar da kuka ga ya haura shekara ɗari a tsaye, ba ƙarfinsa ba ne kaɗai, wasu ne suka yi ta hawa kansa kowace shekara, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Tsohon Hedimasta:
Malam magini, Allah ya yi wa hannu albarka. Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa kawo wannan a aji ba.

Injiniya:
Bayani ya yi kyau, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Wa zai riƙa wannan hidima duk shekara har abada? Marina nawa suka rage da za a samo katsi? Ni a ganina irin waɗannan gine-gine a yi musu filasta ta siminti sau ɗaya, a ɗora kwano mai kyau a sama, a huta. Siffar tana nan, an kuma tsira daga ruwa.

Ɗan Magina:
Injiniya, ka yi mini rai, kada ka faɗi wannan a gaban masu kuɗi su ji. Siminti da ƙasa ba sa zaman aure. Ƙasa tana numfashi, tana shan danshi tana fitarwa. In ka rufe ta da siminti, danshin da ya taso daga ƙasa ya rasa hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana cin bangon. Daga waje ka ga abu sumul, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga. Rana ɗaya filastar ta ɓallo faifai guda, ka tarar bayanta gari ne. Na gyara gidaje irin haka sun fi yatsun hannuna. Mai gida ya kashe kuɗi don ya huta, ya sayo rushewa da kuɗinsa.

Injiniya:
Na san matsalar danshi, akwai dabarun da ake yi mata. Amma kwanon fa? Shi ai ba ya taɓa bango.

Ɗan Magina:
Kwano da dama-dama, in an ɗaga shi ya zama rumfa. Sai dai in ka rufe zankwaye da rawani, me ya rage da za a zo gani?

Bazazzagi:
Yanzu ba wasa nake ba. Mu mun ga irin wannan a masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na zamani ya lulluɓe tsohon. Bakan gizon da ya rage yana ciki, ruwa ba ya taɓa shi, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya a waje ba zai taɓa sanin akwai wani abin mamaki a ciki ba. Har yau in dattawa suka zauna, wasu na cewa an cece shi, wasu na cewa an binne shi da rai. Ni kaina ina tsakiya.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na ƙetaren iyaka, ko da yake mu ne Katsinawan asali, ku kuka tarar da gida mun fita. Abin da Baba Hedimasta ya ce ya tuna mini da namu. Mu a Nijar, yaron da ya yi fice a lakwal ba nan kusa ake kai shi ba, sai Senegal, makarantar William Ponty. Can Bubu Hama ya yi, can Diori Hamani ya yi. Ita ma ta horon mushe ce, wato malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati, ita ma yara kaɗan ake tsama daga kowace ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki, a 1938 ɗin da taku ta tashi zuwa Kaduna, a shekarar ita ma ta tashi daga tsibirin Gore zuwa wani ɗan gari, Sebikotan. Daga baya ta sake tashi. Gine-ginen Sebikotan yanzu yawancinsu kango ne, kuma ba na ƙasa ba ne, na Faransawa ne masu ƙarfi. To Injiniya, ba siminti ke riƙe gini ba. Kuma in jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, ga dogo ya zo Katsina, sai a maido muku da makarantarku tunda dalilin tashinta ya kau.

Bazazzagi:
A bakinka. Ko da dogo biyu.

Malamar Firamare:
Ni duk wannan muhawara kishi take ba ni. Ku naku ginin yana da masu gadi, yana da allo a ƙofa, har ana faɗa a kan irin yaɓen da ya dace da shi. Bari in ba ku labarin tamu.

Garinmu ƙarami ne, ba zan faɗi suna ba. Sakandarenmu iyayenmu ne suka gina ta da aikin gayya, lokacin da yaran da suka gama firamare suka yi yawa aka rasa inda za a kai su. Kowane gida da adadin bulon da aka ɗora masa. Mahaifina da amalanken shanu ya yi ta jido yashi daga rafi, mata suna kawo ruwa a ka. Aji shida ne da ofis. A nan na yi karatu, a nan na fara ganin taswirar duniya. Daga baya aka gina sabuwa a bakin titi, aka kwashe yara, aka sa wa tsohuwar kwaɗo.

Da sallar bara na je. Kwanon aji uku ya tafi, an ce iska, amma iskar da ke cire ƙusa ta tafi da ita ban taɓa ganinta ba. Tagogi babu. Awaki sun mayar da ajinmu turke, wani ya tara karan dawa a ofishin shugaba. Allon bango ne kawai ya ƙi tafiya, don da siminti aka yi shi. Na tsaya a gabansa, har yanzu ana iya ganin inda aka ja layi da fenti don rubuta kwanan wata. Na nemi wurin zamana, layi na biyu kusa da taga, na tarar da akuya ta haihu a wurin.

Ba Sardauna a cikinmu. Amma ɗakunan nan sun fitar da malaman jinya, da malaman makaranta, da sojoji, da mai shari'a guda. Da na yi magana a taron tsofaffin ɗalibai, aka ce gini na gwamnati ne. Da aka je ofis, aka ce ai al'umma ce ta gina. Kowa ya tura wa wani.

Ɗan Talaka:
Malama, wannan shi ne ginin da ni zan yi wa hawaye. Iyayenku suka ɗora shi da guminsu don kowa ya shiga, ba a tambayi ɗan wane ne ba. Shi ya fi cancanta da allo a ƙofa.

Tsohon Hedimasta:
Ban ga dalilin da zai sa sai an zaɓi ɗaya ba, ɗana. Malaman da suka koyar a irin makarantar Malama, in ka bi salsalar wanda ya koyar da wanda ya koyar da su, da wuya ba ka ƙare a ɗakin nan na Katsina ba. Sardauna kansa da ya fita, alli ya kama a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Raba a 1934. Ɓalewa a Midil ta Bauci. Imam a Midil ta Katsina, kafin ya tafi Zariya aikin jarida.

Af, na manta ban gaya wa jikana abin da zai fi burge shi ba. Ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, Fives, wanda har yau ake yi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi, ta hannun malaman makarantun wancan zamani ya shigo. Sardauna gwani ne a kai, har ya zama Firimiya bai daina ba.

Ɗan Magina:
Malama, in bangon bai tsage daga tushe ba, aikinku ba mai yawa ba ne. Ki sa a ɗauko mini hoton kusurwa huɗu ta waje, da ƙasan tagogi, da inda katakon rufi ya zauna a kan bango. Ki turo nan in duba. Kada ku jira kuɗin gyara duka. Aji ɗaya za ku rufe, a sa wani abu a ciki, ko islamiyyar dare ce, ko ajin ɗinki. Ɗakin da ake shara kullum ba a cire masa kwano.

Injiniya:
A nan dai mun haɗu da magini. In hotunan sun zo ni zan yi lissafin katako da kwano, ba sai an biya ni ba. Amma ki fara samo takarda daga ofis cewa sun yarda, kada ku gyara wani ya zo ya ce filinsa ne.

Malamar Firamare:
Na gode ƙwarai. Ƙanena yana gida, zan sa shi ya ɗauka gobe in ya dawo daga gona. Takardar ce nake jin tsoro, amma zan gwada.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na karanta wa yaron duka, har da faɗan. Ya cika shafi uku. Yanzu kuma ya ce a tambayi Baba magini ko tubalin da ya faɗi ya fashe ana sake kwaɓa shi ne ko zubarwa ake yi. Ranar Laraba za mu koma, da ƙanwarsa wannan karon, Hajiya ta shaida.

Ɗan Magina:
Ka ce masa ba a zubar da ƙasa. A mayar da shi cikin kwaɓi, gobe ya sake zama tubali. Ranƙwashin ne kawai ba ya komawa.

Banufen Bida:
In kun je ku duba mini ko Makama ya bar lissafinsa a bango. Ina bin Katsinawa canji.